Ranar da Muzurun Miss Vernita Ya Ƙoshi

Shekara da shekaru rumfata tana manne da ta Miss Vernita a bakin ruwa, ni ina saƙar huluna da kwanduna, ita tana suyar kifi. Hayaƙinta ya shiga kowace hula da na taɓa sayarwa, har baƙi sukan shinshina su ce ƙamshin tsibiri ne, ni kuma in gyaɗa kai in miƙa musu kayansu. Ba mace ce mai yawan fara'a ba. Gajeriya ce kakkaura, hannuwanta duk tabon mai, idan ta leƙo ka ta saman tabarau sai ka fara laluben laifin da ka yi ko da ba ka yi komai ba. Faɗan da muka yi da ita ya fi a ƙirga, galibi a kan hayaƙin nan. Amma duk tsibirin babu wanda ya kai ta iya suyar barakuda, kuma idan babba ya sauka a kan gadar da kwalekwale ke tsayawa, babu tukunyar da ke hawa wuta sai an ji daga bakinta.

Dalili kuwa, barakuda kifi ne mai daɗi da mugun hali. Wani ka ci ka lashe yatsa. Wani kuma, kamarsu ɗaya sak, ya kwantar da gida guda. Dafin ba ya wari, ba ya ɗaci, wuta ba ta kashe shi, gishiri ma ba ya yi masa komai. Shi ya sa kowa da dabararsa. Wasu su ajiye yanka a rana su ga ko ƙuda zai sauka, wai ƙuda ba ya taɓa mai dafi. Wasu su kai wa tururuwa. Tsofaffi su cusa tsohon kuɗin azurfa cikin naman su ga ko zai yi baƙi. Miss Vernita ma da duk ta yarda da waɗannan, har ranar da mijinta Hartman ya dawo daga wajen tsohon jirgin da ya nutse ta kudu, da wani ƙato a kafaɗa.

Ƙuda ya sauka a kansa, ya sauka sosai. Ita ta soya da hannunta, ta yi masa romon kai da hanta. Abin da ya hana ta ci, tana da cikin 'yarta Dellarese, ko warin kifi ba ta so a lokacin. Kafin yamma Hartman ya ce leɓensa na yi masa kamar ana tsira masa allura. Ya nemi ruwa, ta ɗebo masa mai sanyi, yana kai wa baki ya yi jifa da kofin, ya ce don me za ta ba shi tafasasshen ruwa. Haka dafin yake, sanyi sai ya koma wuta. Daga nan ya ce haƙoransa suna girgiɗa za su zube, alhali suna nan daram. Bugun zuciyarsa ya yi ta raguwa, kafin jirgin sama ya iso daga Nassau, babban birninmu, ya cika. Ban taɓa jin ta ba wani labarin nan ba. Ni ma don ina cikin ɗakin ne na sani.

Tun daga nan ta koma ga kyanwa. Duk babban barakudan da aka kawo, sai ta yanki hantarsa, inda dafin ya fi taruwa, ta ba kyanwarta, a zauna a jira. In rana ta karkata kyanwa tana tafiya daidai, sai ta ce a dafa, saƙo ya bi gida-gida. In ta fara amai tana jan ƙafafun baya, sai a tattaro kowane yanka a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Ta yi asarar kyanwoyi da dama a haka, kuma kowacce sai ta yi mata kuka a bayan rumfa, tana tsammanin ban gani ba. Sunayen manyan coci take sa musu, don ta ce su ne ke fara cin abinci a kowane taro. Fasto ya yi ƙorafi, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Na lokacin da nake ba da labari wani muzuru ne toka-toka mai yagaggen kunne, sunansa Deacon, wato dattijon coci. Ya daɗe a aikin bai taɓa gamuwa da mai dafi ba.

Abu biyu kowa ya sani a garin nan tun yana rarrafe. Na farko, ba a ba muzurun Miss Vernita abinci, dole ya zauna da 'yar yunwarsa don duk lokacin da aka miƙa masa ya karɓa. Na biyu, ba a gaya wa baƙo aikin da yake yi. Mutum ya taso daga uwa duniya ya zo shan iska, ka ce masa kifin da ke gabansa sai da aka gwada a kan kyanwa? Gobe ba za ka ga kowa a benci ba. Saboda haka in baƙo ya tambaya me ya sa muzurun ya rame, sai mu ce irinsu ne haka.

Warren da matarsa Gwen sun zo ne daga Kanada, daga wani gari da suka ce ƙanƙara kan toshe ƙofar gida har sai an haƙa. Sun kama ɗaki a gidan baƙin da ke bayan rumfunanmu, wai sun zo murnar daɗewar aurensu, 'ya'ya duk sun girma sun watse. Warren dogo ne mai tumbi da surutu, rana ta gasa shi ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa amma bai fasa kwanciya a cikinta ba. Komai sai ya tambaya, komai sai ya ɗauka a hoto. Gwen siririya ce, furfura ta cinye mata kai, ga saurin sabo, kafin ka ce kwabo ta riƙe sunan kowa har na jarirai. Ta sayi huluna biyu a wurina ba ta taya ba, abin da ya ɗan ɓata mini rai, don ni cinikin da babu ja-in-ja ba ya yi mini daɗi.

Kowace safiya takan ɗaure takalmi ta kama gudu a kan rairayi, daga gada ta wuce coci, har ƙarshen gari inda gidan Cephas yake, sannan ta juyo. Mu da ba ma gudu sai in wani abu ya biyo mu, sai muka samu abin dariya. Cephas masunci ne, mijin Dellarese, wato surukin Miss Vernita. Yakan leƙo ta taga ya tambayi Gwen ko yau ta waiga ta ga mai bin ta. Ita ma dariya take yi ta ɗaga masa hannu.

Zuwansu ya yi daidai da iskar arewa, irin wadda in ta kama ba ta saki da wuri. Babu kwalekwalen da ya fita. Jirgin kaya da ke kawo mana shinkafa da fulawa da man inji daga Nassau shi ma bai zo ba. Kanti ya yi fayau, injin ƙanƙara ya tsaya, gidaje da yawa suka koma tsakin masara safe da yamma babu mahaɗi. Baƙin ba su lura ba, don mai gidan baƙi tana da kaji, kuma mu ba ma nuna wa baƙo rashi. A cikin wannan hali Gwen ta ga Deacon, ta ga haƙarƙarinsa a waje, tausayi ya kama ta. Ta shiga kanti ta kwashe ɗan sauran gwangwanayen kifin sadin da suka rage, ta fara ciyar da shi safe da yamma. Da sauran kyanwoyin gari suka ji labari suka taru, ta haɗa da su. Mutane suna kallon sadin yana shiga cikin kyanwa, suna murmushi, suna ce mata Allah ya saka da alheri.

Na tambayi Miss Vernita ko ba za ta yi mata magana ba. Ta ce in bar baiwar Allah ta ji daɗin hutunta, ai babu kifin da za a gwada, kuma kafin iska ta kwanta sun koma cikin ƙanƙararsu. Ni dai raina bai kwanta ba, amma muzurun ba nawa ba ne.

Sai iskar ta kwanta ana gobe za su tafi. Cephas ya fita tun gari bai gama wayewa ba, ya dawo daidai yara suna tafiya makaranta, da barakudan da tsawonsa ya kai kafaɗar mutum, haƙora cako-cako kamar ƙusoshi. Gari ya cika gada. Warren ya riƙe wutsiyar aka ɗauke shi hoto, ya ce wa Miss Vernita wannan shi ne abincin bikinsu, a soya musu yanka biyu. Aka yanka aka raba yadda aka saba, duk wanda ya sa hannu wajen jan kwalekwale da rabonsa, babban kaso na Cephas. Kowa ya kai nasa gida ya rufe yana jira, maza kuma suka tura kwalekwalensu suka fita tun iska ba ta sake shawara ba. Ni fuskar Miss Vernita nake kallo. Ba kifin take duba ba, idonta yana kan teku ta wajen kudu.

Sai da baƙin suka shiga ruwa ta kira Deacon bayan rumfa ta ajiye masa hantar. Ya zo yana rangaji, ciki ya yi tulu, ya shinshina, ya juya baya ya hau lasar ƙafa. Ta tura masa, ya kau da kai. Ta kama shi za ta ɗura masa, ya yage mata hannu ya haye rufin kwano. Muka bi sauran kyanwoyin gari da hantar, kowacce ta ƙoshi har wuya, ko kallonta ba su yi ba. Ga shi kuma akwai masu cewa kyanwa takan ƙi mai dafi da kanta. Yanzu babu mai iya cewa ƙoshi ne ya hana su, ko wani abu suka ji.

Cephas yana wanke kwalekwalensa ya hango mu, ya zo yana dariya.

"Mama, muzurun naki ya zama ɗan Kanada. Sai na gwangwani."

"Ina ka kama shi, Cephas?"

"Arewa mana."

"Ta kudu ka ɓullo. Ina tsaye a nan."

Ya ce ruwa ne ya ja shi, kuma ko ma ina ne, shi ya gwada, ƙuda ya rufe kifin tun a cikin kwalekwale. Da ya ambaci ƙuda na ga hannun Miss Vernita ya dafe tebur. Ta ce ya sa gishiri ya jira gobe, muzuru zai ji yunwa. Ya ce yaransa sun ga kifin a kafaɗarsa da idonsu, ya yi musu alkawari, kuma ya gaji da kallonsu suna tura tsakin masara gaya. Ta ce to ya ci shi kaɗai tukuna, a gani.

"A gidana ba na ci yarana suna kallo," in ji shi. "Idan aka tashi makaranta ban ga dalili ba, za mu ci."

Ba mugu ba ne Cephas, gaskiya ɗaya ce. Taurin kai ne da shi kamar na akuya, kuma bai ga mutuwar Hartman ba, labarinta kawai ya ji. Da ya koma gada na ja Miss Vernita gefe na ce mu kama Deacon mu kulle shi a ɗakina, mu ce ya ci yana amai, shi ke nan kowa ya binne rabonsa. Ta leƙo ni ta saman tabarau. Ta ce Cephas zai ce a nuna masa muzurun. Ta ce kuma ranar da ta yi ƙarya a kan kifi, ko ƙaryar alheri ce, daga ranar babu wanda zai ƙara jiran maganarta, kowa zai koma wa ƙudansa.

Sai ta ɗora kasko. Na ɗauka baƙin za ta soya wa wani abu, sai na ga hantar ce ta jefa a mai. Ta juya ta sau ɗaya, ta matsa lemun tsami, ta watsa barkono, ta ƙwala wa Cephas kira. Yana tsaye ta kifa bokiti ta zauna a kai ta fara ci. Na cafke mata hannu.

"Sake ni, Ismae," ta ce. "Na fi muzuru nauyi, dole in ci da yawa."

Ta cinye tas, ta goge baki da haɓar zane. Cephas ya ji kunya, kunyar kuma ta koma fushi. Ya ce wasan kwaikwayo ne na tsofaffi don a kunyata shi a gari, kifi dai lafiyarsa ƙalau, ta ma ci rabo mafi daɗi. Ya ce in an tashi makaranta ya same ta tsaye da ƙafafunta, magana ta ƙare. Abu ɗaya suka yarda a kai, kada Dellarese ta ji.

Ban taɓa ganin rana mai nauyin tafiya kamar ta wannan yini ba. Na ɗauki saƙa, yatsuna suka ƙi, na warware abin da na yi. Duk lokacin da Miss Vernita ta kai hannu fuska sai in ajiye saƙa in leƙo, ashe gumi take sharewa. Ta share rumfa, ta sake share ta. Can ta ce, "Ismae, yi mini surutu mana, ai kin iya." Na fara laluben labarin da zan ba ta. Sai ita ta yi maganar. Ta gaya mini farar rigarta ta coci tana ƙasan akwati a naɗe cikin takarda, kuma ba ta son a sa mata takalmi. Na ce ta rufe mini baki.

Baƙin kuma yunwa ta fito da su daga ruwa. Miss Vernita ta ce musu irin wannan kifi sai ya daɗe yana shan lemun tsami, ta ba su burodin kasko da kwakwa su taɓa. Suka koma suka kwanta a inuwa, suka sake dawowa. Warren ya ɗaga murfin kwanon da yankansu ke ciki yana wasa, zai tsinci gefe ya ɗanɗana, ta kai masa duka da ludayi a bayan hannu har ya yi tsalle. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wa matarsa irin wannan ne ba a samu a manyan otal. Gwen kuwa ta zauna a benci da Deacon a cinya, tana shafa masa ciki, tana gaya mana yadda ya yi kyau tun da ya fara cin abinci. Na ji kamar in fizge shi in jefa a teku, ita ma in bi ta da shi.

Aka kaɗa ƙararrawar makaranta. Cephas ya biyo ta gabanmu da yaransa biyu, ƙaramar, Keva, a kan wuyansa.

"Mama, ga ki tsaye."

"Ƙara mini ɗan lokaci, ɗana. Jikina ya fi na muzuru girma, ba zai nuna da wuri ba."

Ya ce ya jira yadda ya ce zai jira. Keva ta ɗago hannu ta ce, "Kaka, yau kifi za mu ci." Suka kama rairayi suka nufi ƙarshen gari, muna kallonsu har suka wuce coci.

Bayan tafiyarsu sai na fara lallashin kaina. Na ce ai da akwai wani abu da ya nuna, wataƙila Cephas ne ke da gaskiya, mu ne tsofaffin da tsoro ya cinye. Ita ma Miss Vernita dabarar jinkiri ta ƙare mata, ta ɗora mai a wuta tana yi a hankali. Warren ya ga haka ya ce biki ya tashi, ya ruga gidan baƙi, inda suke da firiji mai aiki da gas, ya dawo da kwalaben lemo suna naso don sanyi. Ya miƙa mini ɗaya, ya miƙa mata ɗaya. Tana karɓa ta sake ta, kwalbar ta faɗi a rairayi. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta.

"Ismae, taɓa kwalbar nan."

Na taɓa. Na ce sanyi ƙalau.

"Ni ƙuna na ji," ta ce a hankali. "Leɓena ma tun ɗazu. Na ɗauka barkono ne."

Ta yunƙura za ta fita daga rumfa, ƙafafun suka ƙi, ta zube a kan bokiti. Na duba gada, babu namiji ko ɗaya, duk suna teku. Waya ɗaya ce a garin, tana ofishin gwamnati, gidan Cephas babu. Ni gwiwata ta daɗe da mutuwa, ko coci sai na huta a hanya. Can ƙarshen gari hayaƙi yana tashi daga ɗakin girkin Dellarese. Miss Vernita ta miƙa hannu ta damƙi rigar Gwen, ta jawo ta har fuskarsu ta kusa haɗuwa.

"Gwen, saurare ni. Kifin nan da dafi. Muzurun nan shi ke gwada mana, kin ƙosar da shi, sai na gwada da kaina. Jikokina suna gab da ci. Gidan da kike juyawa kullum."

Na ga maganar tana shiga Gwen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi tambaya ba. Ta ture Deacon daga cinya, babu takalmi, ta kama gudu.

Na ce wa Warren ya ɗauki Miss Vernita ya kai ta wajen nas, na nuna masa ginin, ni kuma na bi bayan Gwen ina ɗingishi. Ba irin gudun safe take yi ba. Rana tana tsaka da zafi, rairayin ya yi laushi yana cin ƙafa, ga ta mace mai furfura. Daidai coci ta faɗi, sai na ga ta tashi ta ci gaba. Ina tafe ina lissafin da ba na son yi, tun yaushe Cephas ya isa, romo yakan ɗauki wane lokaci, yaro mai yunwa yakan jira ko ba ya jira. Hartman ƙato ne, dafin ya gama da shi cikin yini. Keva ko buhun fulawa ba ta kai nauyi ba. Addu'a nake so in yi amma sunan yarinyar kawai ke fita daga bakina.

Da na isa, tukunya tana kife a tsakar gida, rairayi ya shanye romon, faranti a warwatse. Yara suna kuka. Cephas yana tsaye da cokali a hannu kamar an dasa shi. Gwen tana durƙushe a ƙasa ba ta iya magana, tafukan hannunta sun yi jawur, don da hannu ta sungumi tukunyar daga kan wuta. Daga baya Dellarese ta ba ni labari, ta ce ta riga ta zuba wa kowa, an rufe ido, Cephas yana addu'ar abinci. Addu'ar Cephas doguwa ce, har tsokanarsa ake yi a coci. Yana cikin godiya a kan teku da abin da ke cikinsa baturiyar ta faɗo ɗakin babu sallama, ta share teburin da hannu ɗaya.

Na tambaya wa ya ɗanɗana. Dellarese ta ce ko gishiri ba ta ɗanɗana ba, uwarta ta hana ta wannan tun tana yarinya. Babban yaron ya girgiza kai. Keva ce ta ɓoye hannu a baya, kuma kowa ya san halinta da tsoma yatsa. Na durƙusa a kan matacciyar gwiwata na riƙe kafaɗunta, na ce ta gaya mini gaskiya, ba za a dake ta ba. Ta fito da hannun, cokalinta ne a ciki, a bushe.

"Ina jira a ce amin," ta ce.

Sai Dellarese ta dube ni, ta dubi mijinta, ta tambaya ta yaya aka sani, tunda ta ji an ce muzuru ya ƙi ci. Ta sake tambaya, ina Mama. Cephas ya ajiye cokalin ya fita da gudu, ita ma ta bi shi.

Wannan karon jirgin sama ya zo a kan lokaci, da ƙyar. Nas ta ce bugun zuciyar Miss Vernita ya yi ƙasa har tana sa kunne tana nema. Aka binne kifin duka a bayan gari. Warren da Gwen suka ɗaga tafiyarsu har sai da labari ya zo daga Nassau cewa ta farfaɗo. Ranar da za su tafi Gwen ta zo rumfata, hannuwa a naɗe da bandeji, ta tambaye ni me ya sa duk garin babu wanda ya gaya mata, ana kallonta kullum tana buɗe gwangwani. Na ce mata hutu ta zo yi. Ta zauna a bencin Miss Vernita ta yi kuka mai yawa, Deacon yana goga mata kai a ƙafa.

Miss Vernita ta dawo ta rame, ta koma kaskonta. Amma kifi ya haramta gare ta, ko loma ɗaya ta ci sai ciwon ya taso sabo, saboda haka mai suyar da ta fi kowa a tsibirin nan ba ta ƙara sanin ɗanɗanon abin da take soyawa ba. Ni ke ɗanɗana mata gishiri, kuma kullum sai ta ce bakina ba shi da saiti. Yanzu duk baƙon da ya zauna a bencinta, tun ranar farko take nuna masa muzurun ta gaya masa aikinsa. Wasu su yi dariya, wasu su ce a ba su kaza. Cephas bai ƙara zuwa kudu ba. Yakan zo ya gyara mata rufin rumfa ba a sa shi ba, ba sa maganar.

Ƙunar da sanyi ke yi mata ce ba ta sake ta ba. Ruwan ɗumi take sha ko ana tsananin zafi, kuma in hadari ya taso takan shige ɗaki tun ɗigon farko. Duk garin mun sani, ban da Keva, don ta hana a gaya mata. In an tashi makaranta yarinyar takan sayi ƙanƙarar lemo a kofi, ta tsotse ta a hanya, ta iso rumfa da hannuwa kamar daga firiji, ta haye cinyar kakarta ta tallabi kumatunta da su tana ba ta labarin aji. Daga rumfata ina ganin yatsun ƙafar Miss Vernita suna nutsewa cikin rairayi saboda zafin. Ba ta taɓa kau da fuska ba, sai dai ta ce, "Sai kuma me malamar ta ce?"